Ranar da Baƙin Damargu Suka Ƙi Cin Kasuwa

Da asuba muka tashi daga Damagaram, ana sallame salla, tun matan unguwa ba su sa taɓarya a turmi ba. Mu uku ne: ni, da mai jakunan da na yi haya, da wani dattijo mai tallar taba wanda ya roƙa ya bi mu don ba ya son hanya shi kaɗai. Kayana hauyoyi ne da gatura da na ƙera tun kaka, sai zugazugaina da ƙaramar uwar maƙera, domin maƙeri ba ya tafiya hannu rabbana. Ku da kuke zama a bakin maƙerata, tun da na dawo kun hana ni sakat da tambaya ɗaya: ina Yaya Habsu? To ga labarin daga bakina, kada ku tsinto shi a bakin ƴan kasuwa.

Ga wanda bai sani ba, Yaya Habsu ita nake bi. Ta auri wani mutumin Daura, suka yi arewa tare da masu saran daji, suka kafa tunga a wajen Belbeji, cikin ƙasar Damargu. Bara Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da samari biyu da ƴar auta. Da bazara ta kama sai labari ya iso mana cewa ƴan ƙasa sun hana baƙi rijiya, har ana maganar a tashe su kafin ruwa ya sauka. Kawunmu ya tara dangi, aka yanke cewa ni zan je in ɗauko ta da ƴaƴanta. Na amsa, don dama kasuwar Damagaram ta yi sanyi tun da Nasara suka kwashe babban barikinsu suka koma Yamai, kuma an ce hauya tana da daraja a Damargu.

Hanyar arewa yanzu ba irin wadda kuka sani ba ce. An faɗaɗa ta, an sassare itatuwan gefe, wai don mota. Mu dai ba mu ga motar ba, masu aikin dole muka gani, kwanduna a ka, gardi, wato dogarin Nasara, na zaune a inuwar aduwa yana korar ƙuda da bulala. Muka yi musu sannu muka wuce da sauri, don in gardi ya ga mutum da jaki sai ya tuna akwai duwatsun da ba a kwashe ba. Rana kuwa tun hantsi take dukan ƙeya. Dole muka riƙa tafiyar sassafe da ta yamma, tsakar rana mu nemi gindin itace mu miƙe.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan masu ƙaura. Kusan kowane zango sai mun tarar da iyali guda ko biyu: turmi a bayan jaki, kaji a ɗaure ƙafa sama, tsohuwa da tulu, yara tsirara suna cire ƙaya. In ka tambaye su daga ina, wannan ya ce Kazaure, wancan ya ce Kance, wani Magarya, wani can ƙasar Katsina. Dalili kuwa kusan iri ɗaya ne. Gona ta gaji, gado ya yi kaɗan, ƴaƴa sun yi yawa, haraji bai san an yi fari ba. An gaya musu a Damargu daji na nan kwance, wanda ya sare shi ne mai shi.

Mai jakuna ba ya ƙaunar ganinsu. Shi a wajensa fara ce, duk inda ta sauka sai ta bar kara tsaye. Haka ya yi ta faɗa har muka isa Bakin Birji, inda jakin wani Bakazaure ya kwanta ya ƙi tashi. Nan take abokina ya manta da maganar fara, ya ɗora turmin mutumin da tabarminsa a kan jakinsa guda da ba shi da kaya sosai, ya karɓi lada mai kyau. Na ce masa ashe dai fara ana cinta. Ya ce a soye kawai. Dattijo mai taba shi ba ruwansa da gardama, duk wanda ya sayi ƙulli guda to shi ne mai gaskiya a ranar.

Furar Bakin Birji ta cancanci a yi mata shaida. Gero ne zalla ba gauraye, nonon kuma kindirmo, ga arha har kana jin kunyar abin da ka miƙa. Ruwa ne dai ya fi fura tsada. Daga nan zuwa gaba duk haka abin yake: hatsi a wulaƙance, ruwa kamar turare.

A Sabon Kafi na fara kwance kaya, a nan kuma na koyi wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ɗan ƙasa in ya zo wurina tsohuwar hauyarsa yake kawowa a yi mata baki, ya daɗe yana ciniki a kan ladan gyara. Baƙo kuwa sabuwa yake saye, wani biyu, wani har da gatari, don shi daji ne a gabansa ba gona ba. Kafin la'asar na sayar da abin da a gida sai in yi wata ban sayar ba. Ba ni kaɗai ba, masu igiya, masu tukwane, masu dakan gumba, kowa bakinsa har kunne.

Tanut gari ne a kan tudu, barikin Nasara daga sama yana kallon kowa. Mun tarar da ayarin Abzinawa sun dawo daga kudu, sun sauke raƙuma a bayan kasuwa, suna neman geron da za su yi arewa da shi kafin damina. Akwai cuku, akwai dabino busasshe mai karya haƙori, akwai kanwa da gishirin kantu. Na ci tuwon gero da miyar kuka a wurin wata mata mai hannu da maiƙo, na kuma sha shayin Abzinawa a karo na farko, abu mai ɗaci da zaƙi a ɗan kofi kamar na wasan yara. Ban ga abin da suka gani a cikinsa ba, amma na shanye don kada a ce maƙeri ya ji tsoro.

Maganar baƙi kuwa ita ce cin kasuwar Tanut. Duk rumfar da ka zauna ita ake yi. Wani manomi Badagire, irin mutanen da suka riga kowa zama a ƙasar, ya ce da can in ayari ya sauka shi ne mai faɗin kuɗin geronsa, yanzu kuwa baƙi sun cika kasuwa da hatsi, tiyar da yake sayarwa da daraja ta koma abin banza, ga lanho bai ragu ba. Lanho shi ne harajin Nasara, kuma da tamma, tsabar kuɗinsu, ake biyansa ba da gero ba, saboda haka in hatsi ya faɗi manomi ne ke kuka. Mahaucin da ke gefensa ya ce shi dai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yanka awaki irin na bana ba. Madugun ayari ya ce Allah ya ƙaro baƙi, tun bayan yaƙin da aka yi a Abzin mutanensa ba su ƙoshi ba sai a ƴan shekarun nan. Wani makiyayi ya tofa yawu ya ce inda ya yi kiwo yana yaro yanzu kara ne da shinge. Na saurara na ga kowa gaskiyar cikinsa yake faɗa. A nan dattijo mai taba ya tsaya, ya ce garin da ake gardama haka taba ba za ta kwana ba.

Daga Tanut muka yi yamma, ni da mai jakuna. Nan babu hanyar Nasara, sawun dabbobi ne kawai cikin rairayi, ga karangiya da ke cika wando har mutum ya rasa yadda zai zauna. Rijiyoyin ƙasar in ka leƙa ba ka ganin ruwa, duhu kawai. Takarkari ne ke jan wasaki, wato babbar gugar fata, ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin ta fito. A kowace rijiya garke ne a tsaye suna jiran layi, shanun Fulani masu dogon ƙaho, raƙuman Abzinawa, awakin Bugaje. Sai da na ga wannan na gane cewa hana mutum rijiya a Damargu ba faɗa ba ne, hukuncin kisa ne a hankali.

Tsohon garin da ya hana su Yaya ruwa ba zan kama sunansa ba, don na ci abincinsu. Tungar baƙin tana gabas da shi, ba nisa. Bukkoki ne na kara, amma rumbunan sun fi ɗakunan kyau, kuma a cike suke. Mutanen tungar gauraye ne: Daurawa, Katsinawa, mutanen Kance, da Bugajen da suka rabu da iyayengijinsu bayan yaƙi suka kama noma.

Ban gane Yaya ba da farko. Ta rame, ta yi baƙi, ƙafafunta duk faso. Na same ta ta sauke tulu ke nan daga wani tafki da ya kusa ƙafewa, wanda in mace ta fita da sassafe sai rana ta take take dawowa, ruwan kuma ja wur kamar kunun kanwa. Shi ta tace da gefen zane ta ba ni. Da na huta na isar da saƙon Kawu, ina ta kewaye-kewaye. Ta bari na gama.

Ta ce, “Auta, tashi mu je.”

Ta kai ni bayan tunga ta nuna mini gona, daga wata aduwa har inda ido ya gaji. Ta ce lokacin da suka zo, kura ce ke kuka a wurin. Ita da mijinta suka sare shi, ita ke jan ƙaya tana da cikin ƴar auta.

“In na koma Damagaram me zan zama? Bazawara a ɗakin baya, ƴaƴana suna dako a kasuwa. Ka gaya wa Kawu na gaishe shi. Ƙasa ta Allah ce, ban ga wanda ya zo duniya da ita a goye ba.”

Na ce, “Yaya, ruwa fa?”

Ta ce, “Ruwa muna haƙa. Kai dai ka zo da wuta ko ba ka zo da ita ba?”

Ashe sun fara tasu rijiyar tun sanyi. Sun yi nisa, sai suka ci karo da wani dutse fari mai tauri, duk dagunansu suka lanƙwashe, ba maƙeri a kusa sai na tsohon gari, shi kuma an hana shi taɓa musu ƙarfe. Ban yi shawara da kowa ba. Na kafa uwar maƙera a gindin wata bagaruwa, samarin Yaya suka ƙona mini gawayi, na ɗauki gaturan da suka rage ban sayar ba na mayar da su daguna. Mai jakuna ya riƙe kai ya ce na ƙone riba. Na ce ribar tawa ce. Ya yi ta gunaguni, amma shi ya riƙa yi mini zuga, don ba ya iya zama ba ya magana, kuma a bakin wuta ne kaɗai ake samun mai saurare.

Ana cikin haka ranar kasuwar tsohon gari ta matso. A nan ne mutanen tunga suke kai gero, su sayo gishiri, nama, mai da zane. Mazan tunga suna shirin awo kamar kullum, sai matan suka taru a ƙofar Yaya. Ban ji duk abin da aka faɗa ba, na dai ji muryarta tana cewa wanda ya ce ruwansa ya fi ƙarfin bakinmu, to hatsinmu ma ya fi ƙarfin kasuwarsa. Wasu mazan suka tsorata, suka ce wannan tsokana ce, mai gari zai kai ƙara bariki a turo gardawa. Wata tsohuwa Buzuwa ta ce ita an taɓa sayar da ita a kasuwa, saboda haka rashin zuwa kasuwa ba zai kashe ta ba. Aka yi dariya, magana ta zauna. Ba wanda zai kai ko tiya guda.

Ni na je, don ni ba ɗan tunga ba ne, kuma ina neman tsohon ƙarfe. Abin da na gani ba zan manta ba. Rumfuna a kafe, masu kaya a zaune, tsakiyar kasuwa fayau kamar filin idi bayan an watse. Mahauci ya yanka sa ya rataye, ƙuda ne kaɗai ke ciniki. Masu fura sun dama ƙwarya-ƙwarya, nono na tsami a rana. Mai gishiri na gyangyaɗi. Ƴan ƙasa sun kawo nasu geron, amma ɗan kaɗan ne, suka tsuga masa kuɗi suna murna. Murnar ba ta daɗe ba. Wani ayari da ya sauka tun jiya don awo ya zagaya ya ga abin da ke kasuwar ba zai cika taikunan raƙuma kaɗan ba. Madugun ya tambaya ina hatsin da aka saba. Wata mai fura da haushi ya cika ta ta miƙa hannu gabas ta ce, “Yana can inda aka hana ruwa.”

Kafin la'asar raƙuma sun durƙusa a bakin tunga. A nan Yaya ta yi abin da ya sa na san ba a banza ta girme ni ba. Ta ce wa madugu ba tamma kaɗai suke so ba. Raƙumansa su je babbar rijiyar da ke wajen Belbeji, wadda ba ta kowa ba ce, su ciko salkuna, a biya shi da gero. Madugu ya ga hatsi a sauƙaƙe, ya amsa. Washegari yaran tunga suka sha farin ruwa har suka yi wanka, abin da suka daɗe ba su yi ba. Masu haƙa ma suka sami ƙarfi.

Kasuwa ta sake zagayowa, baƙi suka sake zama a gida. Wannan karon mahauci bai yanka komai ba, masu kawo kaya daga nesa kuma suka juya tun hantsi. Na ji an ce matan tsohon gari sun hana mazansu barci da mita, har uwargidan mai gari ta ce masa in ya ga dama ya dafa rijiyar ya ci. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, Allah ya sani. Abin da na sani shi ne an aiko a kira dattawan tunga.

Aka zauna a ƙofar mai gari. Mata ba sa zama a irin wannan wuri, amma Yaya ta zo ta tsuguna daga gefe, ba wanda ya iya cewa ta tashi. Ni ma na raɓa. Zan faɗi gaskiya, na je da zaton zan ga azzalumi, sai na ga tsoho mai gajiya. Ya ce rijiyar nan kakansa ya haƙa ta, mutum biyu suka mutu a cikinta. Da can tana isar gari da garke, yanzu kafin azahar sai laka. Ya ce in Nasara ya ƙirga kawuna shi ake tambaya lanhon kowa, in ana neman masu aikin dole ƙofarsa ake bugawa, baƙo kuwa in abin ya yi zafi sai ya naɗe tabarma ya koma inda ya fito. Ya ce itacen da suke samu a bayan gari yanzu sai an yi tafiya, barewa ma ta gudu.

Limamin tunga ya fara ba da haƙuri, yana ta jawo ayoyi. Yaya ta bari ya numfasa, sannan ta ce, “Allah ya ja zamaninka, a ba ni izini.”

Mai gari ya ɗaga hannu.

Ta ce, “Lanho muna biya, a hannunka muke zubawa, ka san kuma da muka zo nauyin ya ragu a kan mutanenka. Aikin dole, ɗana na fari ya yi wata a hanyar Tanut a madadin ɗan garin nan. Ka ce baƙo yana naɗe tabarma. Mijina yana kwance a bayan tungar can, da wace tabarma zan naɗe shi? Ba mu zo roƙo ba, ranka ya daɗe. Mun zo ne a gaya mana abin da ke kanmu mu yi, a ba mu abin da ke namu. Tashi kuwa ba za mu tashi ba.”

Sai wani Buzu makiyayi, dogo mai baƙin rawani, ya miƙe. Tun da na iso yake tsokanata, kun san wasan da ke tsakanin Buzu da maƙeri, kullum sai ya ce in ƙera masa takobin da zai yanka ni da shi. Amma ranar babu wasa a fuskarsa. Ya ce shi ba ruwansa da kasuwa ko lanho. Burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya tun zamanin kakanni an shuke shi, an kafa ƙaya. Bara saniyarsa ta shiga gona aka ci shi tara, alhali gonar ce ta shigo hanyar saniya. Ya juya ya nuna Yaya ya ce, “Gonarki ce, Inna.”

Na ga fuskar Yaya ta canza. Gefen da yake magana shi ne mafi kyau a gonar, kwari ne mai riƙe ruwa, nan ne mijinta ya fara sara. Na zaci za ta yi gardama. Can ta ce, “Da muka zo ba mu ga shanu ba, rani ne. Amma ka yi gaskiya. Gobe ka zo ka taka inda hanyar take, ƴaƴana za su cire ƙayar.” Da muka koma gida ba ta ci tuwo ba.

Wannan ne ya kwance maganar. Aka shirya cewa mutanen tunga za su ɗebi ruwa da tsakar rana, bayan gari da garke sun sha, har tasu rijiyar ta kai. Za su ba da samari a yashe tsohuwar rijiyar a ƙara mata zurfi. Burtali zai koma yadda yake. Su kuma za su dawo kasuwa. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani dattijon gari ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce yau an sayar da gari da tiyar gero, nan gaba baƙi ne za su naɗa mai gari, ya tafi bai yi sallama ba. A tunga ma wasu suka ce ruwan tsakar rana ruwan wulaƙanci ne, laka ce za a bar musu. Yaya ta ce laka ma a tace ta a sha, ba dai a ce sun gudu ba.

Na ƙara ƴan kwanaki ina gyaran daguna. Dutsen ya fashe, aka shiga yashi mai sanyi wanda in ka dunƙule shi yana kamawa. Har na baro ba a ga ruwa ba, kada wani ya ce na ce an gani. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya koma gyaran gona, ni kuma ƙarfena ya ƙare. Yaya ta cika mini taiki da gero, ta ba ni cuku in kai wa Kawu. Ta rako ni har bakin burtalin da aka buɗe, shanu na wucewa ta inda bara ta yi shuka. Ba ta dube su ba. Ta ce in gaida gida, in kuma dawo da kaka da lauje da yawa.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, don ruwan farko ya sauka muna Tanut, rairayi ya kwanta. Dattijo mai taba ya sayar da kayansa kaf, ya biyo mu. Mai jakuna bai fasa cewa baƙi za su cinye Damargu ba, sai dai ya riga ya yi alkawari da mutanen tunga zai zo da jakuna goma da kaka ya kwaso musu hatsi zuwa Damagaram. A hanya muka yi ta gamuwa da wasu masu ƙaurar, suna sauri kada shuka ta wuce su. Duk wanda ya tambaye ni labari sai in ce ƙasa akwai, amma ya fara tambayar ina hanyar shanu kafin ya ɗaga gatari, ya kuma sa a ransa zai haƙa rijiya.

Mun shigo Damagaram da yamma. Ban ko sauke kaya ba na wuce gidan Kawu. Ya duba bayana ya ga ba kowa.

Ya ce, “Ina Habsu?”

Na ce, “Tana gidanta, Kawu.”

Ya yi faɗa, ya ce an aike ni ɗauko mace na je na zama maƙerin baƙi. Na durƙusa na saurara har ya gama, ban ba da haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi. Masu cewa baƙi ba su kawo wahala ba, ba su leƙa rijiyar Damargu da azahar ba. Ruwa ya ragu, daji ya ja baya, manomin da ya saba sayar da tsada ya ji a jikinsa, makiyayi ma an matse shi. Amma masu cewa baƙi ci kawai suka zo yi, su je su tsaya a kasuwar da baƙi suka ƙaurace wa. Na ga mahauci zaune da sa guda ba mai taya shi, na ga ayari ya juya wa tsohon gari baya. Hauyar da nake ƙerawa a nan, geron da kuke ci da arha a bana, duk da gumin waɗannan mutane a ciki. Mu kanmu da muke taƙama da Damagaram, a tambayi kowa kakansa, za a ji wani daga Borno, wani daga Gobir, wani daga inda ba ya son a faɗa.

Saboda haka ku daina tambayata yaushe za ta dawo. Ba za ta dawo ba, ni kuma da kaka zan koma da kaya. Wanda ya ga na gaza, hanya ga ta nan a buɗe, ya ɗaura wa jakinsa salka ya je ya ɗauko ta da kansa. Ina dai ba shi shawara ya shirya abin da zai ce mata tun daga nan, don ni da na je da saƙon dangi gaba ɗaya, zuga wuta na ƙare da yi.